Jiran wata 16 kafin tiyatar hanci ta biyu: nazarin lamarin wata malama a Birnin Kebbi

Matar da wannan nazari ya shafa malamar makarantar sakandare ce a Birnin Kebbi, mai shekara 27, kuma an sakaya sunanta da na likitocin da suka duba ta. Wata huɗu bayan an yi mata tiyatar gyaran hanci ta kai wa likita tambayar da mutane da yawa ke kaiwa: hancin bai fito yadda ta zata ba, numfashi bai buɗe ba, ga shi an sa ranar aurenta, shin za a iya komawa ɗakin tiyata yanzu, ko kuwa tilas sai an jira, kuma har zuwa yaushe? Amsar da aka fi ji a bakin likitocin fannin ita ce shekara guda cur, amma lamarinta ya nuna cewa koke-koken bayan tiyata kowanne da lokacinsa, akwai mai bajewa da kansa, akwai wanda magani ke warwarewa cikin makonni, akwai kuma wanda sai an sake aiki, shi ma sai nama ya kwanta.

Asalin matsalar

Haɗarin kabu-kabu ta yi a hanyarta ta komawa gida daga makaranta, ta faɗi ta fuska, hancin ya yi ta haɓo. A ƙaramin asibitin da aka kai ta an tsayar da jinin, aka sallame ta da cewa idan kumburi ya sauka komai zai koma daidai. Kumburin ya sauka, amma ya bar karan hanci a karkace zuwa dama, kafar hanci ta hagu kuma a toshe. A nan aka yi asarar damar farko, domin karyayyen ƙashin hanci ana iya mayar da shi mazauninsa ba tare da an tsaga fata ba matuƙar ba a wuce mako biyu ba, idan kuwa ya kama a karkace sai babbar tiyata, wadda galibi ba a yi sai bayan wata shida ko fiye. Haka ta zauna kimanin shekara biyu, tana barci baki buɗe, tana tashi da bushewar maƙogwaro.

Da tafiya ta kama yayanta zuwa Alkahira domin a duba gwiwar mahaifiyarsu, sai aka haɗa da ita a dogon hutun makarantu na watan Agusta. A wani asibitin kuɗi aka yi mata aikin ta hanyar tsaga 'yar fatar da ke tsakanin kafofin hanci a ɗaga fatar hancin gaba ɗaya. An miƙe shamakin guringuntsin da ya raba hanci biyu, an sake karya ƙasusuwan karan hanci an jera su, sannan bisa roƙonta aka yanko guringuntsi daga shamakin aka tokare tsinin hancin domin ya ɗan ɗago. Bayan mako guda aka cire abin ɗorin da aka manna a kan karan hancin, suka dawo gida ba tare da rubutaccen rahoton aikin ba, bibiyar da ta rage kuwa ita ce tura hoto ta WhatsApp ga dillalin da ya haɗa su da asibitin.

Abin da likita ya gani a wata na huɗu

Zuwa watan Disamba hankalinta ya tashi. Tsinin hancin ya yi ƙato ya yi tauri, ba ta jin taɓi sosai a wurin, kuma wani tudu ya taso a samansa. Kafofin biyu ne yanzu ke toshewa. Karan hancin, ko da yake ya fi da miƙewa, tsakiyarsa na da sauran lanƙwasa zuwa dama, ga wani ɗan kaifin ƙashi da yatsa ke ji ta hagu. An sa bikinta a watan Maris, lissafinta kuwa shi ne idan aka sake aikin a hutun ƙarshen shekara za ta samu wata uku ta warke kafin a kai ta ɗaki. Da wannan buƙata ta je Sakkwato tare da mahaifiyarta da yayanta, suka ga wani likitan kunne, hanci da maƙogwaro da ke aikin gyaran hanci.

Likitan ya fara ne da rarrabe koke-koken. Ya danna tudun da yatsa na ɗan lokaci, ya ga yana lotsawa kaɗan sannan ya dawo a hankali, abin da ƙashi ba ya yi. Ya tambaye ta ko girman hancin na canzawa a cikin yini, ta ce da asuba ya fi cika, zuwa la'asar yakan ɗan sace, kuma ranar da ta daɗe a bakin murhu yakan ƙaru. Wannan amsa ta isa ta nuna cewa mafi yawan abin da take gani ruwa ne da ɗanyen tabo, domin sassaƙar likita ba ta ƙaruwa da safe ta ragu da yamma. Hotunan da suka tayar mata da hankali kuwa duk da wayarta ta ɗauke su, dab da fuska. Wani bincike da aka buga a Amurka a 2018 ya nuna cewa hoton da aka ɗauka daga tazarar santimita 30 yana ƙara wa faɗin hanci kusan kashi 30 cikin ɗari a kan wanda aka ɗauka daga mita ɗaya da rabi, saboda haka hancin da take kwana tana dubawa a waya ya fi wanda ɗalibanta ke gani girma.

Da ya leƙa ciki da siririn bututu mai fitila, ya ga shamakin ya miƙe daidai gwargwado, babu huji, babu taruwar jini, babu mugunya. Abin da ya toshe hanyar ɓawon busasshiyar majina ne da kumburin tsokokin da ke jikin bangon hanci ta ciki. Tambaya ɗaya ta fito da dalili: tun dawowarta take amfani da maganin feshin da ta saya a kemis, irin mai buɗe hanci nan take, har ta kai ba ta iya barci sai ta fesa. Irin wannan magani, mai ɗauke da zailometazolin ko oksimetazolin, na 'yan kwanaki ne, bai kamata ya wuce mako guda ba, domin idan an daɗe a kansa tsokokin na kumbura fiye da da duk lokacin da ya sake su. Ga kuma hunturu ya kankama, ƙura da busasshiyar iska na shiga hancin da cikinsa bai gama farfaɗowa ba.

Koke na uku ne kaɗai likitan ya yarda cewa ba zai tafi da kansa ba. Guringuntsin da ya daɗe a karkace yana da halin neman komawa yadda ya saba ko bayan an miƙe shi, kuma a ɓangaren hagu mashigar iska mafi ƙunci, inda guringuntsin gefe ya haɗu da shamaki, ta matse. Da ya sa ta ja kuncinta na hagu zuwa wajen kunne, nan take ta ce iska ta wuce. Ya kuma lura da abin da ba su zo da shi ba, wato ta fara shafa wani haɗin man gyaran amarya da babu takardar da ke nuna abin da ke cikinsa. Da yawa daga cikin irin waɗannan haɗe-haɗe na hasken fata suna ɗauke da sitiroyid mai ƙarfi, wanda ke rage wa fata kauri ya kuma hana rauni haɗewa da wuri.

Mahaifiyar ce ta fara magana. “Likita,” in ji ta, “wagga ɗiya an sa ranar bikinta. In ba a gyara mata yanzu ba, mi za mu ce ma dangin miji?” Ya ce, “Hajiya, idan na taɓa hancin nan yanzu, ranar biki zai fi haka kumburi, kuma ba ni da tabbacin abin da zan yanke shi ne ya kamata a yanke.” Shawararsa ita ce kada a yi maganar tiyata kafin cikar wata 12, kuma saboda kaurin fatarta kada su yi mamaki idan jiran ya kai wata 18.

Dalilan jiran

Masu gaggawa sukan ɗauka likita na ja musu rai ne, ko yana rufa wa ɗan'uwansa da ya yi aikin farko asiri, alhali dalilan a jikin hancin suke. A wannan tiyata ana raba fata da ƙashi da guringuntsin da ke ƙarƙashinta, kuma a yin haka ana tsinka ƙananan magudanan da ke kwashe ruwan jiki daga cikin nama. Jinin da ke kwanciya a ƙarƙashin ido yana washewa cikin mako biyu, ƙashi na kamawa cikin mako shida, kumburin da kowa ke gani yana sauka cikin wata biyu zuwa uku, amma magudanan nan a hankali suke farfaɗowa, kuma saukar kumburi daga tsakanin idanu take farawa ta gangaro, tsinin hanci ne na ƙarshe. Manomin fadamar Argungu ba ya tsayar da iyakar gonarsa alhali ruwan gulbi na kwance a kanta, sai ya janye tukuna, haka likita ba zai san ainihin surar da aikin farko ya bari ba sai ruwan ya gama janyewa. Aikin hanci kuwa na milimita ɗaya ko biyu ne, kumburin wata na huɗu kuma yana iya ɓoye fiye da haka.

Idan likita ya ɗauki tudun ruwa da tabo a matsayin guringuntsin da ya yi yawa ya rage shi, to bayan ruwan ya tafi abin da zai rage rami ne, ko tsinin da ya rasa madogara ya faɗi, ko kafofin da ke mannewa duk lokacin da aka ja numfashi da ƙarfi, guringuntsin da aka yanke kuwa ba ya tsirowa. Daɗin daɗawa, kumburi na rufe aibi kamar yadda yake nuna wanda babu shi. Wani karkacen ba ya bayyana sai fata ta gama kwanciya, don haka wanda ya yi gyara a wata na huɗu yana iya gano sabuwar matsala a wata na goma, ya koma neman aiki na uku.

Sai batun tabo. Jiki na cike gurbin da ke tsakanin fata da guringuntsi da sinadarin kolajin, wanda a watannin farko yake fitowa a cukurkuɗe, da tauri, cike da ƙananan jijiyoyin jini. Daga mako na uku jiki ke fara sake jera shi, aikin da ke ɗaukar shekara ko fiye. Likitan da ya shiga kafin tabon ya nuna zai tarar fata ta manne da guringuntsi, jini na rufe masa gani, yana iya yaga guringuntsi ko ya huda fata. Mafi muni shi ne batun jinin da ke ciyar da fatar tsinin hanci, domin a hanyar da aka yi wa malamar aiki an riga an yanke jijiyoyin da ke hawowa ta tsakanin kafofin hanci, fatar ta dogara ne da masu zuwa ta gefe, kuma sake ɗaga ta da wuri na iya sa wani yanki ya mutu ya yi baƙi, wanda gyaransa ya fi duk abin da aka zo dominsa wuya. Wannan ƙa'ida ba baƙuwa ba ce a yankinmu. A Asibitin Noma na Sakkwato, wanda aka kafa a 1999 domin yaran da cutar noma ta zaizaye wa baki da hanci, ba a gaggawar sake gina fuska da zarar ciwon ya lafa, ana barin tabo ya zauna tukuna, kuma sau da yawa a matakai ake yin aikin.

Abin da ya sa aka ƙara wa malamar wa'adi a kan shekara shi ne irin fatarta. Da yawa daga cikin baƙaƙen fata tsinin hancinsu na da fata mai kauri da maiƙo, ko da yake a Kebbi, inda Hausawa da Fulani da Zabarmawa da Dakarkari suke cuɗe, ana samun kowane iri. Fata mai kauri ta fi riƙe ruwa, ta fi tara tabo a ƙarƙashinta, ta kuma fi jinkirin tsukewa ta bi sabuwar surar da aka yi mata, don haka mai ita yakan kai wata 18, wani lokaci har shekara biyu, kafin ya ga sakamakonsa na ƙarshe.

Wata 12 ɗin ma ba aya ba ce, ƙa'ida ce da gogewar likitoci ta tsayar, kuma akwai masu yarda su goge ɗan kaifin ƙashi a saman karan hanci bayan wata shida, tunda nan kumburi ya fi saurin sauka. Likitan malamar ya ƙi yin haka saboda akwai yiwuwar sai an shiga domin mashigar iska, gara a shiga sau ɗaya. Alƙaluman da aka fi ambata a fannin sun nuna cewa kashi 5 zuwa 15 cikin ɗari na waɗanda aka yi wa gyaran hanci suna komawa aiki na biyu, har a hannun ƙwararru, don haka buƙatar gyara ba lallai ta zama shaidar sakaci ba.

Kuskure ne babba, duk da haka, mutum ya ji an ce shekara guda ya zauna a gida da kowace irin alama. Taruwar jini a jikin shamakin hanci, wadda ke zuwa da toshewa gaba ɗaya da ciwo mai ƙaruwa a kwanakin farko, a ranar ake fitar da ita, domin guringuntsi daga fatar da ke lulluɓe da shi yake samun abinci, kuma idan jini ya raba su yana iya narkewa cikin 'yan kwanaki, karan hanci ya lotsa. Haka zazzaɓi da fitar mugunya, da fatar da ta fara sauya launi, da haɓon da ya ƙi tsayawa, da robar silikon da ta fara turo fata ga wanda aka dasa wa ita a cikin hanci. Ƙashin da ya goce a mako na farko ko na biyu shi ma ana iya mayar da shi kafin ya kama. Malamar ba ta da ko ɗaya daga cikinsu. Wanda ya ga irinsu a Kebbi bai kamata ya tsaya jiran amsa daga ƙetare ba, ga Asibitin Tunawa da Sir Yahaya da asibitin tarayya a Birnin Kebbi, ga kuma Asibitin Koyarwa na Jami'ar Usmanu Danfodiyo a Sakkwato.

Muhawarar cikin gida

Iyalin ba su karɓi shawarar a rana ɗaya ba. Yayanta, wanda shi ya biya kuɗin aikin farko, ya koma wurin dillalin, aka kuwa samo masa wani asibitin da ya ce a kawo ta ko gobe. Cewa yake a bari ya huce shi ke kawo rabon wani, kuma ya kawo hujja mai nauyi: idan aka yi aure aka samu juna biyu, jiran zai kai shekara biyu ko fiye, domin ba a yi wa mai ciki tiyatar da ba ta gaggawa ba, cikin kansa kuma yana kumbura hanci. Likitan bai musa ba, sai dai ya ce jinkirin da ciki zai jawo ba ya ɓata hancin, a wajen tabo ma riba ce, alhali aikin da aka yi da wuri yana iya yin ɓarnar da ba ta gyaruwa. A ganina, asibitin da ya amince ya yi aiki a kan hancin da bai gani ba sai a hoto, bai kuma nemi rahoton aikin farko ba, ya riga ya nuna irin kulawar da za a samu a wurinsa. Allurar cike gurbi da wata ƙawarta ta gani a Instagram ita ma likitan ya hana, domin tana iya toshe jijiyar jini fata ta mutu, wani lokaci har ido ya makance, kuma hancin da aka taɓa yi wa tiyata ya fi shiga wannan haɗari.

Mahaifinta kuwa damuwarsa ta addini ce. Malamin da ya tuntuɓa ya tuna masa hadisin Arfaja ɗan As'ad, sahabin da aka sare wa hanci a yaƙin Kulab tun zamanin jahiliyya, ya sa na azurfa ya yi wari, Annabi (SAW) ya umurce shi ya sa na zinariya, kamar yadda Abu Dawud da Tirmizi da Nasa'i suka ruwaito. Majalisar Fiƙihun Musulunci ta Duniya, a zamanta na Malesiya a 2007, ta halatta tiyatar gyara abin da haɗari ya ɓata bisa sharuɗɗa, daga ciki akwai kada cutarwarta ta rinjayi amfaninta, kuma kada a samu wata hanyar magani da ta fi sauƙi ga jiki. A wata na huɗu kuwa akwai hanyar da ta fi sauƙi ga biyu daga cikin koke-kokenta uku, kuma a kan wannan ne mahaifin ya yanke hukunci cewa a jira.

Abin da aka yi a watannin jiran

An janye maganin feshin a hankali, kafa ɗaya tukuna sannan ɗayar, aka maye gurbinsa da wankin hanci da ruwan gishiri na asibiti safe da yamma, da wani feshin daban mai kwantar da kumburin ciki. An ce ta riƙa sa takunkumi idan ƙura ta taso, ta nisanci hayaƙin murhu, ta rage zama cikin turaren wuta, abin da ba ƙaramin wuya ba ne ga mai shirin amarci. Kafin wata guda kafar dama ta buɗe sarai, ta hagu ta rage da matsalarta ta asali. Man haɗin an tura ta wajen likitan fata domin a janye shi sannu a hankali, tunda yanke shi farat ɗaya na tayar da ƙuraje da ƙaiƙayi. Ga tudun saman tsinin, an koya mata manna siririyar filasta da dare, sannan aka yi mata allurar tirayamsinolon, wani nau'in sitiroyid mai rage tabo, da aka tsinka, can ƙarƙashin fata, sau biyu da tazarar mako shida. Da gangan likitan ya taƙaita ta, domin idan ta yi yawa tana narkar da nama ta bar rami, a baƙar fata kuma tana iya barin farin tabo a tsakiyar fuska. Kowane wata ana ɗaukar ta hoto a wuri ɗaya da haske ɗaya, ta gaba da ta gefe da ta ƙasa, kuma sauyin da madubi ba ya nunawa daga yau zuwa gobe ya fito fili tsakanin hoton Janairu da na Afrilu.

Rahoton aikin farko sai bayan dogon naci ya iso. Ya nuna cewa an kwashe mafi yawan guringuntsin shamakin, an bar sashe mai faɗin kimanin santimita ɗaya ta sama da ta gaba, wanda shi ke riƙe da hancin kuma ba a taɓa shi. Saboda haka duk guringuntsin da za a dasa sai an samo shi daga kunne ko haƙarƙari. Na kunne ya fi sauƙin ɗauka amma a lanƙwashe yake kuma kaɗan ne, na haƙarƙari na da yawa da ƙarfi, sai dai yana barin tabo da ciwo a ƙirji, yana kuma iya murɗewa daga baya.

An yi bikin a watan Maris kamar yadda aka sa, hancin na da sauran kumburi, mai kwalliya ta rufe abin da za ta iya rufewa. A wata na tara tudun ya baje, jin taɓi ya fara dawowa. A wata na 12 tsinin ya tsuke ya fito da surarsa, har ita da kanta ta janye wannan koke, amma da likitan ya motsa fatar tsakiyar hancin ya ji da sauran tauri, hotunan wata biyun ƙarshe kuma sun nuna har yanzu ana samun sauyi. Ma'aunin da ya riƙe shi ne fata ta yi laushi ta riƙa zamewa a kan guringuntsi, hotunan wata uku a jere su zama iri ɗaya, mai hancin kuma ta iya nuna da yatsa abin da take so a gyara ba tare da ya canza daga wannan ziyara zuwa waccan ba.

A wata na 16, a hutun Disamba, bayan gwaji ya tabbatar ba ta da ciki, aka yi aikin. Ta cikin kafofin hanci aka bi, ba a sake tsaga fatar waje ba, ba a kuma taɓa tsinin ba ko kaɗan. An ɗauko guringuntsi daga kunnenta ta baya, aka sassaƙa siririn yanki aka soka tsakanin shamaki da guringuntsin gefe ta hagu, wanda ya buɗe mashigar iskar ya kuma cike lotsawar da ke sa tsakiyar hancin ta zama kamar a lanƙwashe, sannan aka goge ɗan kaifin ƙashin. Aikin da iyalin suka nema a wata na huɗu ya ƙunshi buɗe hancin gaba ɗaya da rage tsini, wanda aka yi a ƙarshe kuwa bai kai rabinsa ba. An ce ta sassauta shaƙa ruwa da fyacewa a alwala na mako biyu, kada kuma ta danna hancin a ƙasa wajen sujada.

An gaya mata cewa kumburin aiki na biyu yakan fi na farko jinkirin sauka, tunda magudanan da suka farfaɗo an sake taɓa su. A wata na biyar bayan gyaran kafar hagu na shan iska ko a kwance, ta daina barci baki buɗe, karan hancin kuma ya miƙe a hoton gaba. Akwai ɗan bambanci tsakanin kafofin biyu idan an duba ta ƙasa, wanda likitan ya ba da shawarar a bari, saboda gyara shi na bukatar sabon yanka a gindin hanci, wurin da tabo ke fitowa fili a baƙar fata. Za a sake duba ta idan gyaran ya cika shekara, kafin nan ba za a yanke hukunci a kan sakamakonsa ba.